Talata: fayil ɗin Mama daga Agege

Yau fayil ɗaya ya cinye mini rabin yini a ɗakin adana bayanan marasa lafiya. Na wata dattijuwa ce 'yar unguwarmu ta Agege, ta zo da haɓo da tari mai jini, ga ƙoda ta fara gazawa. A takardar farko an rubuta kumburin jijiyoyin jini mai kashe bangon jijiya, ba a fayyace wane iri ba.

A kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke ba kowace cuta lambarta, waɗannan cututtuka suna ƙarƙashin M31. Akwai M31.9 ta wadda ba a tantance ba, kuma da ita zan iya rufe fayil nan take. Raina bai kwanta ba. Ciwon Takayasu, M31.4, manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya yake kamawa, yawanci ga mata matasa. M31.7 ta ciwon da ke kama ƙananan jijiyoyi ce. M31.3 kuwa ta Wegener ce, wadda likitoci suka sauya wa suna a 2011, ita ce mai haɗa hanci da huhu da ƙoda. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan gaba, lambar da na sa zai fara gani.

Ɗanta ya leƙo ta taga wajen azahar. "Hajiya, don Allah a taimaka, masu inshora sun ce sai da lamba." Na ce, "Ɗan'uwa, yi haƙuri, bari in ga Likita." Na ga damuwa a fuskarsa, ni ma ta kama ni, domin jinkirin kan mahaifiyarsa yake faɗawa.

Ba aikina ba ne in zaɓa wa mara lafiya ciwo, sai abin da likita ya tabbatar da hannunsa. Na hau sama na jira ya gama zagayen ɗaki. Ashe sakamakon gwajin ANCA, gwajin jini na gano irin waɗannan cututtuka, ya iso da safe, ya nuna PR3, alamar da aka fi gani a ciwon Wegener, ga kuma na ɗan naman da aka ɗebo daga hancinta. Ya rubuta cewa Wegener ne, ya sa hannu. Na sa M31.3, na haɗa da N08.5 mai alamar tauraro, wato ƙarin lamba mai nuna ciwon ya taɓa ƙodar, kamar yadda kundin ya tsara.

Kafin la'asar takardar ta tafi. Likita ya ce a daren nan za a fara mata maganin danne garkuwar jiki. Allah ya ba Mama lafiya.