Yadda yaƙi ya tsayar da rayuwa a Khartum

Mutumin ƙauye, idan fitina ta tashi, yana da rumbu da rijiya da itacen girki, amma mazaunin birni ba shi da ko ɗaya, domin ruwansa daga famfo yake zuwa, abincinsa daga kasuwa, kuɗinsa kuma yana banki ko yana cikin cinikin da zai yi a wannan rana. Shi ya sa yaƙin da ya ɓarke ranar Asabar, 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti, ya durƙusar da Khartum cikin 'yan kwanaki, ana cikin goman ƙarshe na azumi, jama'a na shirin sallah.

Ruwa ne ya fara yankewa. Tashar tace ruwa ta Bahri, wato Khartum ta Arewa, ta tsaya tun farkon faɗan, mutane suka koma ɗiba daga kogin Nilu da jarkoki a amalanken jaki, harsasai na shawagi a kansu. Wuta ta biyo baya, asibitoci da dama suka rufe, kuma a ganina masu wankin ƙoda da masu ciwon suga da allurarsu ta lalace don rashin firji, yaƙin ne ya kashe su, ko da ba a sa su a lissafi ba.

Hausawan unguwannin kudancin birnin, irin su Mayo, yawancinsu hannu baka hannu ƙwarya ne: mai agashe, wato tsire, da ke hura gawayi bayan la'asar, mai shayi a bakin titi, tela, ɗan dako. Ranar da titi ya mutu, tukunyar gida ta mutu. Masu hali sun biya kuɗin mota, wanda ya ninka sau da yawa, suka nufi iyakar Masar ko Fot Sudan, inda gwamnati ma ta koma da zama. Talaka kuwa ya rufe ƙofa ya jira. Da bankuna suka rufe, sai aka dogara da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, don karɓar taimakon 'yan uwa na Saudiyya, amma a Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke, mutum ya koma biyan kuɗin sa'a guda a wurin mai Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, don kawai ya shaida wa danginsa yana raye. Abin da ya riƙe unguwanni da yawa shi ne tukwanen sadaka da matasa ke ɗorawa, su dafa wake ko adas, wani ɗan ƙaramin dangin wake, kowa ya zo da kwanonsa ya bi layi.

Gudun ma bai kasance sau ɗaya ba. Waɗanda suka fake a Wad Madani, birnin da ke kudu maso gabas da Khartum, sun sake ɗaukar kaya a Disambar 2023 da birnin ya faɗa hannun RSF, wasu suka yi Sinja, ita ma ta faɗi a tsakiyar 2024, suka ƙara gaba zuwa Gadarif da Kassala, inda azuzuwan makarantu suka zama ɗakunan kwana, karatun yara kuma ya tsaya.

Sojoji sun ƙwato Khartum a Maris na 2025, amma da yawa daga masu komawa sun tarar an zare wayoyin wuta daga bango, an fasa taransifoma an kwashe tagullar ciki, kuma kafin ruwan famfo ya dawo, kwalara ta riga ta shiga unguwanni.