Gwaji na huɗu: jatan lande irin na New Orleans cikin burodin Biyetnam

'Yan uwa masu koyo, sai yau burodina ya tsaya da ƙafarsa bai jiƙe ba. Sau uku ina haɗa sanwicin nan, kowane karo kafin in kai shi baki ruwan kayan tsami ya ratsa ɓawon jatan landen ya mai da shi laɓe-laɓe. Yanzu na gano inda matsalar take.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, abinci biyu nake haɗawa. Ɗaya shi ne po'boy na birnin New Orleans a kudancin ƙasar Amurka, dogon burodi cike da soyayyen jatan lande ko tarwaɗa, wanda ake danganta sunansa da yajin aikin ma'aikatan taragon birnin na 1929, lokacin da Bennie da Clovis Martin suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. Ɗayan kuma banh mi ne, sanwicin Biyetnam. Kakansu ɗaya, burodin Faransa. Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a 1975 'yan gudun hijirar Biyetnam suka zauna a gabashin New Orleans da gaɓar tekun Louisiana, Mississippi da Texas, da yawansu suka kama sana'ar kamun jatan lande. Gidan burodin Dong Phuong da suka buɗe a can ya samu lambar yabon James Beard ta harkar abinci a Amurka a 2018. Wato haɗin nan ba ni na ƙirƙiro shi ba, a bakin tekun nan aka haife shi.

To, kuskurena yana wajen kayan tsami. Ana yanka karas da daikon, wani farin saiwa mai kama da karas, siriri kamar tsinken ashana, a jiƙa su cikin binega. Ni da ina tsamo su kai tsaye in ɗora. Wannan karon na fara barbaɗa musu gishiri, na bar su minti 15 har suka yi laushi suka zubar da ruwansu, na ɗauraye na matse. Sannan suka shiga kofi ɗaya na binega, kofi ɗaya na ruwa, rabin kofi na sukari, suka kwana a firij. Kafin haɗawa na sake tsane su cikin tsumma mai tsafta. Wallahi bambancin ya fi ƙarfin abin da na zata. Tsamin nan shi ke yanke maiƙon suya, in babu shi kafin ka kai rabi ya gundure ka, amma tsamin ake so ba ruwan ba.

Miyar kifi ta Biyetnam, nuoc mam, ita ma na sauya mata wuri. Na daina yaryaɗa ta a kan burodi. Cokali ɗaya da tafarnuwa da barkono na cuɗa jatan landen a ciki na minti 20, sannan na mulmula shi a garin masara kashi biyu, garin shinkafa kashi ɗaya. Garin masaran salon kudancin ƙasar Amurka ne, na shinkafar kuma shi ya sa ɓawon ya daɗe yana ƙaras-ƙaras. Mai ya kai zafin digiri 180, minti biyu zuwa uku ya isa, kuma kada ku cika kaskon, zafin zai faɗi suyar ta sha mai.

Banh mi na asali yakan zo da niƙaƙƙiyar hantar alade. Na cire ta, ban sa komai a madadinta ba, jatan landen ya wadatar.

Jerin ma yana da muhimmanci. Mayonis a shafe ɓangarorin biyu don ya tare danshi, kokwamba a ƙasa, jatan lande da zafinsa, kayan tsami a sama, sai ganyen koriyanda da ɗanyen barkono. Latas da tumatir na po'boy na ajiye su, tumatir ruwa gare shi.

Abin da ya rage mini shi ne burodin kansa. Nawa ya yi nauyi a ciki, alhali ana son ɓawo siriri mai fashewa da ciki sakayau kamar auduga. Mako mai zuwa zan sa kwanon tafasasshen ruwa a ƙasan oben saboda tururi, kuma zan gwada da tarwaɗa. Wanda ya riga ni cin nasarar burodin nan, don Allah ya faɗa mini tsawon lokacin da yake barin kwaɓin ya tashi.