Yaro ɗan shekara huɗu a gaban katun: me yake kwashewa?

A Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, idan zafin watan Afrilu ya hana yara fita da rana, talabijin ce ke raino a gidaje da yawa. A kunna musu tashoshin yara na Tiji ko Gulli a dikodar Canal+, uwa ta samu ta sauke girki. Ba a ga laifinta ba. Sai dai yawancin katun ɗin nan da Faransanci suke, yaron da bai shiga makaranta ba kuwa Hausa da Fulatanci yake ji. Magana ta wuce shi, motsi kaɗai ya rage masa. Ya ga an kwaɗa wa wani sanda a ka, an kwashe da dariya, wanda aka doka ya miƙe garau. Nasihar da ake yi a ƙarshen shiri cewa duka ba kyau, ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Da la'asar sai a gan shi ya hau kujera ya dira a kan ƙaninsa.

Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya gwada wannan tun 1963: yaran da suka kalli fim ɗin babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita sai suka jibge ta. A 1965 ya nuna cewa waɗanda suka ga an hukunta mai dukan ba su kwaikwaya sosai ba. Abin dubawa ke nan a kowane shiri: wanda ya yi ɓarna, me ya same shi?

Akwai kuma sauri. A 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia ta nuna wa 'yan shekara huɗu katun mai sauya fage kusan kowane daƙiƙa 11, na minti 9 kacal. Ana gamawa aka gwada haƙurinsu da bin umarni, suka kasa waɗanda suka zauna suna zane. Gwajin gida ba wuya: a riƙe agogo minti ɗaya a ƙirga sau nawa fage ya canza. Ya kai biyar, shirin ya yi wa ƙaramin yaro gudu, musamman in allon karatu zai ɗauka bayan nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaro ke ganin kansa. Gimbiya a yawancin shirye-shiryen nan fara ce, gashi har gadon baya. Yarinya ta kalli wannan kullum, sai ta fara yafa tawul a ka tana kaɗa shi, ta ƙi zama a yi mata kitso. Gwamnatin Kamaru ta haramta mayukan bilicin masu sinadarin hydroquinone a 2022, amma sha'awar farin tun daga falo take tsiro, balle in gwaggo na tsokanarta da “baƙa” ana dariya. Maganin ba wa'azi ba ne, sauya abin kallo ne. Akili and Me, na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, jarumarsa yarinya ce baƙar fata, kuma akwai shi da Hausa.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce: ƙasa da shekara biyu ban da kallo, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Amma yaro bai san minti ba, don haka a yi yarjejeniya da shi a kan shiri: “Guda biyu, sai a kashe.” Katse masa a tsakiya shi ke kawo birgima. In a waya ne, a kashe abin da ke ɗora bidiyo na gaba da kansa a YouTube. A sa wa dikoda lambar sirri, a kuma kashe kallo awa ɗaya kafin barci.

Zama da shi na minti goma ya fi duk waɗannan aiki. A fassara masa, a tambaye shi: “Me ya sa wancan yake kuka? Kai da ƙaninka ne, ya za ka yi?” In uwa ba ta samu sarari ba, yayarsa da ke firamare tana jin Faransanci, sai a ba ta wannan aikin.