Wata uku da wata goma sha biyu: abin da na kwaso daga ofishin nan kafin in miƙa makulli

Juma'ar da ta wuce na miƙa makulli da katin shiga, na naɗe 'yar dardumata da ke ƙarƙashin tebur, na saka kofin shayina a jaka. Shekara uku da wata biyu kenan. An yanka kek, an yi jawabi, Madam, shugabar ofishin, har da cewa ni ɗan gida ne kuma ƙofa a buɗe take. Na yi murmushi na ci kek ɗina, tunda shi kek bai min laifin komai ba.

Waɗanda muka zauna da su a Ingila sun san ofishin, ba sai na faɗi suna ba, mu shida ne a ɗaki biyu saman wani shago, aikinmu ba da shawara ga mutanen da ba su da gidan bulo: Gipsi 'yan Romani, da matafiya 'yan asalin Ailan, da masu zama cikin jirgin ruwa a kan magudanan ruwa. Na shiga a watan Maris 2021 a matsayin ɗan sa kai ina tsaka da mastas, a watan nan ne kuma gwamnati ta kai ƙudurin dokar 'yan sanda da laifuka da yanke hukunci da kotuna gaban majalisa, lokacin Priti Patel ce ministar cikin gida. Kowa hankalinsa na kan sashen hana zanga-zanga, ana ta rigima a Biristol har da ƙona motocin 'yan sanda, mu kuwa sashe na huɗu ne ya hana mu barci.

A Ingila tun da can shiga filin wani ba izini ba laifin ɗauri ba ne, rigima ce tsakaninka da mai fili, ya kai ka kotu a ce ka tashi. Sashe na huɗu shi ya zo ya ce duk wanda ya kai shekara 18, ya sauka a fili da mota da niyyar zama, aka ce ya tashi bai tashi ba, kuma ana ganin ya jawo ko zai iya jawo babbar ɓarna ko damuwa, to ya yi laifi: ɗaurin da zai iya kai wata uku, ko tarar da za ta kai fam 2,500, ko duka, sannan a ƙwace motar. To motar nan fa ita ce gidan. A ciki ake girki, a ciki yara ke kwana. Su tirela suke ce mata, farkon zuwana na ɗauka irin tirelar Dangote ake nufi, ashe ɗakin nan ne mai taya da ake ja da mota. Kuma abin da ya fi ci min rai da na karanta tarihin, dokar 1968 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tanadi wuraren sauka, dokar 1994 ta soke wannan wajibcin, yanzu kuma a zo a ce kwana a waje laifi ne. An rushe masauki sannan ana tambayar baƙo me ya sa ya kwana a titi. A watan Mayun 2021 ina cikin wannan karatun ne gwamnonin kudu suka taru a Asaba suka ce a hana kiwon sake, na tuna burtalin da ke bayan garinmu da gonaki suka cinye tun ina yaro. Ba ɗaya ba ne, na sani, a nan babu bindiga babu jini, amma dai jikina ya yi sanyi.

To ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Tun 1994 idan 'yan sanda suka ba da umarnin a tashi daga wuri, ba a komawa wurin sai bayan wata uku, in ka koma kafin nan ka yi laifi. Sabuwar dokar ta mayar da shi wata goma sha biyu. An sa mata hannu ranar 28 ga Afrilu 2022, sashen ya fara aiki 28 ga Yuni. Ni da hannuna na rubuta wannan canjin a rahoton da muka haɗa a 2021, wato ba wai ban sani ba ne, na sani sarai, wannan shi ne abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

A watan Agusta 2022 wani dattijo ya hawo benen, ɗan Ailan ne, ya kai saba'in, hula a hannu, 'yarsa na biye da shi da takarda a leda. 'Yan sanda sun tashe su farkon Yuli daga wani kangon fili kusa da asibitin da matarsa ke zuwa, tambayarsa ɗaya ce, yaushe za su iya komawa. Ranar ni kaɗai ne a teburin gaba, waya na ta ƙara, mutum huɗu na jira, ban ci komai ba tun safe. Hannuna ya kai kan takardar bayanin da ke jikin bango, wadda muke ba kowa, na karanta masa: wata uku. Shi bai iya karatu sosai ba, ya ƙirga da yatsu, Yuli, Agusta, Satumba, ya ce to a bar shi zuwa ƙarshen Oktoba don a samu natsuwa. Na ce hakan ya yi Baba. Har ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya.

Ƙarshen Oktoba da misalin takwas na dare 'yar ta kira layin ofis, ni ke riƙe da wayar a makon. Na ɗauki tasi na je. Ruwa ake yi irin na ƙasar nan marar ƙarfi marar ƙarewa, tirela uku, janareta na kuka, motar 'yan sanda biyu da fitila. Na cire takalmi a ƙofa don haka ake yi, cikin tirelar nan tsaf kamar ɗakin amarya, tsohuwar na zaune da bargo a ƙafa tana naɗe kofunan tangaran ɗaya bayan ɗaya da tawul don kar su fashe a hanya, jikoki biyu da kayan barci an sa musu rigar sanyi a kai. Babu wanda ya ɗaga min murya, wallahi da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Dattijon yana waje yana ɗaura tirela a mota, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai fa ka ce min uku." Iyakar abin da ya ce kenan. Na tsaya a ruwa ina yi wa ɗan sandan bayanin cewa laifin ofishinmu ne, shi ma dai mutumin kirki ne, ya ce ba zai kama kowa ba, ba zai taɓa mota ba, amma su bar wurin cikin awa biyu. Suka kwana a gefen babban titi wajen mil arba'in daga nan. Ganin likitan da aka dawo dominsa ya wuce su, sai a Janairu aka sake ba ta rana.

Ranar Litinin na faɗa wa Madam komai da bakina, ban ɓoye ba. A nan ne na ga wani abu. Tun farkon Yuni na tura mata imel cewa takardun bango sun tsufa, a cire su kafin 28 ga wata, ta amsa da layi ɗaya cewa babu kuɗin buga sababbi a wannan zangon, a jira. Amma da aka zauna da 'yan kwamitin amintattu sai labari ya zama "ma'aikaci ya ba da shawara ba tare da ya bincika ba." Ba a ambaci takardar bango ba ko sau ɗaya, kuma kafin ranar zaman an cire su duka, bangon fes, sai alamar salatif. Aka ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu. Imel ɗin yana wayata a aljihu lokacin, ban fito da shi ba. Na gaya wa kaina wai dattaku ne, gaskiyar magana tsoro ne, ina kan bizar bayan karatu ta shekara biyu, kuma wasiƙar shaida daga hannunta za ta fito. Baƙo ko ya fi ɗan gari gaskiya sai ya lissafa kafin ya buɗe baki.

Ba ina wanke kaina ba ne. Ni na karanta, ni na ce uku, kuma na san goma sha biyu ne. Amma kaya biyu ne aka haɗa aka ɗora wa mutum ɗaya, wanda ya fi kowa ƙaramin albashi.

Ba wannan ne karon farko da muka saɓa da ita ba. A rahoton 2021 na rubuta shafi biyu a kan masu zama a jirgi ta cire su, wai ƙudurin mota ya ce bai ce jirgi ba, kar mu raba hankalin masu karatu. A takarda tana da hujja. Amma ni na yi Asabar uku a bakin kogin Lea a gabashin Landan, na shiga jirgin wata mata, siririn nan da faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba, murhun gawayi a lungu, keken yaro ɗaure a rufi. Ita ba ta da matsaya ta dindindin don kuɗinta ya fi ƙarfinta, lasisinta na masu yawo ne, dokar 1995 ta ce kar ta wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma hukumar Canal & River Trust da ta karɓi ruwayen a 2012 tana bin sawu tana duba ko tafiyar da ka yi ta isa, in ba ta isa ba a rage maka lasisi ko a hana, in an hana kuma jirgin ma ana iya ɗauke shi. Duk sati biyu makarantar yaronta na ƙara nisa, sai sun kai ƙarshen zango su juyo. Ruwan sha sai ta bi layi a famfon bakin ruwa, bayan gida a akwati yake sai an ɗauka an je an zubar. Ta ce min da yawansu suna da tsohuwar bas a gefen titi da suke kwana ciki in jirgi na wurin gyara, to wannan ai mota ce, kuma duk abin da aka fara gwadawa a kan masu tirela su ma yana hanya. Su kuma ba su da kariyar da Gipsi da 'yan Ailan ke da ita ta cewa ƙabila ce da doka ta sani, su mutane ne kawai da haya ta kora kan ruwa ko suka zaɓi hakan. A Afrilun 2024 aka fara ƙara wa marasa matsaya kuɗin lasisi fiye da na sauran. Na tura wa Madam labarin ba tare da na rubuta komai a kai ba, ita ma ba ta amsa ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Duk takardar da ba ta da kwanan wata a jiki, ka ɗauka ƙarya ce har sai ka duba. In mutum bai iya karatu ba, bakinka shi ne dokar a wurinsa, ka ce "bari in duba" ko layi ya kai titi. Kar ka haɗa Romani da 'yan Ailan da Roma na gabashin Turai a kwando ɗaya, ba sa so, kuma kai a wurin Romani gorja ne, wato bare, ko shekara nawa ka yi kana musu aiki. In ƙaramar hukuma ta ce babu yadda za a yi, ka tuna musu da birnin Leeds, inda aka zauna aka yi yarjejeniya mutane su sauka na ɗan lokaci a ba su bayan gida da wurin zuba shara, kuma gari bai tashi ba. 'Yan sanda ma ba duka ke son dokar ba, tun lokacin jin ra'ayi da yawansu sun ce matsalar ƙarancin wurin sauka ce. Sannan imel, ka ajiye, amma ka sani ajiyewa daban, iya fito da shi daban.

Bayan gargaɗin nan na sayi jan maka da kuɗina, duk takardar da za ta hau bango sai na rubuta ranar da aka duba ta da manyan baƙi a sama. Madam ta ce yana ɓata kyan takarda. Na ci gaba da yi. Shekara ɗaya da rabi babu wanda ya sake fita daga ofishin nan da tsohon lissafi, ba a rubuta wannan a fayil ɗina ba, gargaɗin ne dai yake nan.

A watan Mayun 2024 babbar kotu ta yanke hukunci a ƙarar da wata mata 'yar Romani, Wendy Smith, ta shigar, alƙali ya ce hana komawa na wata goma sha biyun nan ya saɓa wa haƙƙin ɗan Adam, nuna bambanci ne ga Gipsi da matafiya tunda wuraren saukar wucin gadi ba su isa ba. Hukuncin bai soke dokar ba, gyaran aka bar wa majalisa. A ofis aka yi ta murna, Madam ta tura wa kowa saƙo da alamar tafi. Ni na fita baranda na nemo lambar 'yar dattijon nan da ke wayata tun daren Oktoba, na kira sau biyu, layin ba ya aiki.