Zanen Tukunyar Nukiliya Ba Abin Ɓoyo Ba Ne

Jiya da la'asar, a bakin hanyar Tawa zuwa Arlit wadda aka daɗe ana kira hanyar uraniyom, wani tsohon ɗalibina ya tare ni da tambaya: «Malam, idan tashar nukiliya ta yi haɗari, me ƙasashen waje za su amfana da ganin zanenta?» Na kwana ina juya maganar.

Haɗarin tashar nukiliya ta Canobil, a Yukiren ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, shi ne ya fara faɗo mini. Tun 1983, a tashar Ignalina ta Lituweniya, an gano cewa sandunan da ake zurawa cikin tukunyar nukiliya samfurin RBMK, irin wadda ke Canobil, domin kashe ta suna iya ƙara mata ƙarfi na ɗan lokaci, saboda girafayit ɗin (wani nau'in ma'adinin gawayi) da ke bakinsu, amma ba a gyara ba, kuma ba a fahimtar da masu aiki da ita yadda ya kamata ba. Ranar 26 ga Afrilu 1986 ma'aikatan Canobil suka danna maɓallin kashewa, tukunya ta tarwatse. Sai bayan kwana biyu, da na'urorin tashar Forsmark ta Suwidin suka tsinkayi burɓushin gubar nukiliyar, duniya ta ji labari.

A watan Satumba na shekarar aka ƙulla yarjejeniyar sanar da haɗarin nukiliya da wuri a ƙarƙashin IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana. A ganina sanarwa kaɗai ba ta isa ba, domin masanin da bai san inda bututun ruwan sanyaya ya bi ba, lissafinsa na yawan gubar da za ta fita lalube ne cikin duhu. Gobe bayan sallar asuba zan nemi yaron in ba shi wannan amsa, tunda jiya kame-kame na yi masa.