Sabon malami, kwantiragi da takardar kama aiki

Malam, sunanka ya fito cikin jerin waɗanda gwamnatin Kamaru ta ɗauka? Barka, amma dakata da yanka rago. Tsakanin sa hannu a kwantiragi da albashin farko akwai tafiya, kuma a kan takardu ake yawan yin tuntuɓe.

Fara sanin matsayinka. Malamin iyaye ƙungiyar iyayen yara da malamai (APEE) ce ke biyansa, ba shi da wata yarjejeniya da gwamnati ko ya shekara goma a aji. Mai kwantiragi, wanda ya fito makarantar horar da malamai ta ENIEG da shaidar koyarwa ta CAPIEMP, yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 1992 da dokar ma'aikatan gwamnati masu kwantiragi ta 1978. Cikakken ma'aikaci kuwa dokar aikin gwamnati ta 1994 ce ke kansa. Hakkinsu ba ɗaya ba ne.

Da zarar an turo ka makaranta, a bayan Garwa ne ko can wajen Mora, ka isa da ƙafarka, darakta ya sa hannu ya buga hatimi a takardar kama aiki. Ranar da ke jikinta ita ce hujjarka idan aka zo lissafin bashin albashi. Wanda ya zauna gida wata biyu yana neman canjin wuri, kansa ya cuta. Daga nan dosiye, wato tarin takardunka, zai bi ta ofishin sufeto, ya hau ofishin ilimi na sashe da na yanki, ya isa Yawunde, inda ma'aikatar ma'aikata ke ba da matrikil, wato lambar ma'aikaci. Babu matrikil, babu albashi. Jinkirin nan na cikin abin da ya haifar da yajin aikin malamai da aka sani da OTS a 2022.

Abin da ya fi dawo da dosiye shi ne suna. Takardar haihuwa ta ce Ousmanou, shaidar makaranta ta ce Oussoumanou, katin ɗan ƙasa kuma ya juya sunan uba ya koma gaba. A wurinmu duk Usmanu ne, a wurin mai duba takarda mutum uku ne. Jera su a tabarma ka bi harafi harafi, har da ranar haihuwa. Gyaran takardar haihuwa na iya kai ka kotu, don haka a fara da wuri. Takardar shaidar rashin laifi kuma wata 3 take yi ta mutu, kada ka karɓe ta sai sauran sun kammala. Kowace takarda ka ajiye kofi, kuma ka rubuta lambar da aka aika dosiyenka da ita, don da ita ake bin sawu.

Shugabancin makaranta kuma naɗi ne, babu sabon kwantiragi a ciki. Hukuma ce ke naɗa darakta ko shugaban lise, wato makarantar sakandare, ita ke sauke shi, ya koma aji da matrikil ɗinsa. Alawus ɗin muƙamin ma sai ya haɗa takardar naɗi da sabuwar takardar kama aiki ya tura.