Dattijon bencin baya

A shekarata ta biyu a makarantar Littafi Mai Tsarki, malaminmu ya jefo mana tambayar da ta cinye mana mako guda: mutum ya ba da gaskiya ga Almasihu yana da mata biyu, duk ya auro su tun bai ji bishara ba. A yi masa baftisma, ko a dakata sai ya saki ɗaya? Muryata ta fi ta kowa tashi. Na buɗe Farawa 2:24, na haɗa da Matiyu sura 19, inda Yesu ya mai da masu tambayarsa ga farkon halitta, namiji da mace, su biyu su zama jiki ɗaya. Na ce magana ta ƙare: ya riƙe uwargida, ya sallami amarya, sannan ya shiga ruwa. Na samu maki mai kyau, har kaina ya fara kumbura.

Da hutun damina aka rarraba mu koyon aiki. Ni aka tura ni wani ƙauye kudu da Maradi, wajen Madarunfa, hannun wani tsohon mai bishara. Majami'ar ta ƙasa ce, benci bakwai. A na ƙarshe akwai wani dattijo da ba ya fashin Lahadi. Shekararsa tara a ajin masu neman baftisma, ya haddace amsoshin har shi ke tuna wa sababbin shiga in sun kakare. Ranar Jibin Ubangiji kuwa, da ake raba gurasa ga waɗanda aka yi wa baftisma, faranti ya wuce ta gabansa, ya sunkuyar da kai. Matansa biyu, ƴaƴa goma sha ɗaya.

Na je gidansa da yamma, ayoyina a baki. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gaji don kaina, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ke, zo ki gaida Malam." A aji, duk sanda muka ce amarya, yarinya ɗanya nake gani a raina. Wadda ta fito ta durƙusa da kwanon fura mace ce mai furfura, ta haura shekara ashirin a gidan, haihuwarta shida. Iyayenta sun rasu, ƴan'uwanta maza sun tafi ci-rani Najeriya sun zauna can. Gamanar da take noman gyaɗa da waken da take sayen sabulu da su, cikin gonarsa take.

Ya ce, "To Malam, kai ka yi karatu. Zaɓa mini wadda zan kora. In ka zaɓa kuma, ka faɗa mini gidan da za ta kwana."

Na ce, "Baba, bari in yi tunani." Ban iya shan furar nan ba.

Daren nan na sake karanta Matiyu 19 da fitilar hannu, daga aya ta uku, ba daga inda na saba tsinka ba. Ashe tambayar da Farisiyawa suka kawo a kan saki take, amsar kuma ita ce abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba. Wato ayar da ta hana saki na ɗauko na je ina umartar mutum ya yi saki da ita. Sai 1 Timoti 3:2 da Titus 1:6, masu zancen mijin mace ɗaya. Sharaɗi ne na mai shugabancin ikilisiya, ba na mai neman baftisma ba. Ko ma'anar kalmar kanta masana sun rabu a kai, amma duk yadda aka juya ta, ba ta sauka a bakin ruwa. Mutumin nan na Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8 ya ga ruwa ya tambaya me zai hana a yi masa baftisma, Filibus mai bishara bai tsaya binciken gidansa ba.

Da na koma makaranta na tarar gardamar ta girmi kakana. Bishof-bishof na Angilika sun taru a Lambeth, a Ingila, a 1888, suka yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ya zauna cikin masu koyo, ba baftisma. Shekara ɗari cif, a 1988, taron ya sake zama ya sassauta: a yi masa, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin sun yarda, kuma kada a tilasta masa korar kowace, saboda wahalar da za ta faɗa. Mu nan ba Angilika ba ne, hukuncinsu bai ɗaure mu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, dalilin da ya sa suka sauya shi ne matar da ta kawo mini fura.

Masu hanawa ba marasa tausayi ba ne, malamina yana cikinsu. Tsoronsa a fili yake. A gari irin Maradi, inda ƙara aure abin taya murna ne, in aka buɗe ƙofa kaɗan, wani ɗan ikilisiya zai sulale ya yi ta biyu, ya dawo da hawaye ya ce ai an karɓi wane. Na yarda haɗarin na nan. Sai dai wanda ya san koyarwa ya taka ta daban yake da wanda bishara ta tarar da shi cikin alkawuran da ya ɗaura da gaskiya, da sadaki da shaidu. Har yau ina koyar da auren mace ɗaya, kuma ba zan sa hannu a naɗa mai mata biyu dattijon ikilisiya ba. Baftisma kam, a ganina ƙofar shiga ce, ba ladan wanda ya gama gyara gidansa ba.

Na kai wannan ra'ayi gaban dattawan yankin, suka saurare ni da mutunci, suka ce ƙa'ida na nan yadda take. Matan dai an yarda a yi musu, tunda kowace mijinta ɗaya ne. Bayan an gama yankan gero muka je bakin tafki, uwargida ta shiga ta fito, amarya ta bi ta. Shi kuwa yana tsaye a gaɓa, busassun zannuwansu biyu a kafaɗarsa, yana bin waƙar da ake rerawa.